Tafiya Mabuɗin Ilmi: Darasi Daga Ziyarar Editocin Afirka ta Yamma a Ingila, 1943

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Wannan karin magana ya fi dacewa da ɗan jarida, domin mutane da yawa ba sa sanin wata ƙasa sai ta bakinsa. Idan ya bayar da labarin mutanen da bai taɓa gani ba, kuskurensa zai shiga kan dubban masu karatu. Shi ya sa wasu hukumomi ke shirya wa 'yan jarida ziyara zuwa ƙasashe masu nisa. Wannan maƙala za ta duba ɗaya daga cikin irin waɗannan ziyarce-ziyarce, wadda ta shafi tarihin adabin Hausa kai tsaye.

Asalin Wannan Tsari

Ziyarar musayar 'yan jarida ita ce a gayyaci ma'aikatan kafafen yaɗa labarai na wani yanki su je wani yanki, su yi 'yan makonni suna kallo da tambaya, sannan su koma su shaida wa jama'arsu. A shekarar 1940 gwamnatin Amurka ta gayyaci 'yan jarida 130 daga ƙasashen Latin Amurka. A 1967 kuma cibiyar East-West Center da ke Hawai ta fara shirin Jefferson Fellowships don haɗa 'yan jaridar Amurka da na Asiya. A lura cewa mai gayyata yana da tasa manufar: yana so a koma gida a faɗi alherinsa.

Tafiyar 1943

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar British Council ta gayyaci editoci 8 daga Nijeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya zuwa Ingila. Turawan mulkin mallaka na buƙatar sojoji da kayan amfanin gona daga waɗannan ƙasashe, saboda haka suna buƙatar goyon bayan jaridunsu. Cikin tawagar akwai Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot wadda aka kafa a Legas a 1937, da Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939.

Kowannensu ya yi amfani da tafiyar ta hanyarsa. Azikiwe ya rubuta takardar buƙatu mai suna The Atlantic Charter and British West Africa, aka miƙa ta ga Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Oliver Stanley. Hujjar takardar ita ce yarjejeniyar da Churchill da Roosevelt suka amince da ita a 1941, wadda ta yarda cewa kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin gwamnatin da take so. Takardar ta nemi a kai ga mulkin kai cikin shekara 15. Ke nan waɗanda aka gayyata don su yaba, sai ga shi sun zo da buƙata.

Imam bai sa hannu a takardar ba. Wanda ya san halin da ake ciki a lokacin ba zai yi mamaki ba: masu ilmin boko a Arewa ba su da yawa idan aka kwatanta da Kudu, kuma ana fargabar cewa idan Turawa suka tafi da wuri, ma'aikatan Kudu ne za su riƙe ofisoshi. Amma shi ma bai yi shiru ba. Ya gana da Lugga, tsohon Gwamnan Nijeriya, ya bayyana masa matsalolin mulkin En'e da ke damun matasan Arewa masu ilmi. Da ya dawo gida kuma, ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda aka buga a 1944, don mai karatun Hausa ya san abin da ya gano.

Darussan da Ke Ciki

Na farko, baƙi kan koyi halin junansu kamar yadda suke koyon halin mai masaukinsu. Editan Legas da editan Zariya 'yan ƙasa ɗaya ne tun haɗewar 1914, amma a wannan tafiya aka ga sarai cewa ba su kallon makomar ƙasar da ido ɗaya.

Na biyu, fahimtar juna daban, yarda da juna daban. Ba a auna nasarar ziyara da sa hannu a takarda guda. Idan kowa ya gane abin da ɗan'uwansa ke tsoro da abin da yake fata, an ci riba.

Na uku, kuma wanda ya fi shafarmu a matsayin ɗaliban harshe: ziyara ba ta cika sai an mayar da ita cikin harshen mutanen gida. Da Imam ya bar abin da ya gani a cikin rahoton Turanci, da 'yan kaɗan ne za su amfana.

Kammalawa

Nisa ba sai an ƙetare teku ba. Har yanzu ɗan jarida a Legas ko Fatakwal kan rubuta labarin Kano ko Sakkwato ba tare da ya taɓa zuwa can ba, haka nan ta ɗaya ɓangaren. Irin wannan rashin sanin juna ne ya sa aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, bayan yaƙin basasa. Ya kamata gidajen jaridu da na rediyo su riƙa musayar ma'aikata tsakanin Kudu da Arewa. Mu da muke koyon Hausa alhali ba da ita muka tashi ba, muna da rawar da za mu taka a nan, domin baƙon da ke jin harshen gari ba ya dogara da tafinta kafin ya ji koken talaka.

Tambayoyin Nazari

1. Me ya sa aka gayyaci editocin a lokacin yaƙi?
2. Kwatanta yadda Azikiwe da Imam suka yi amfani da tafiyar.
3. Kawo karin magana 3 na Hausa da suka shafi tafiya ko baƙunta, sannan ka nemo makamantansu a harshenka.