Haɗa Na'urar Rarrabewa da Na'urar Awo Wajen Binciken Sinadarai

Gabatarwa

Ɗigon jini ɗaya yana ƙunshe da sinadarai iri-iri a cakuɗe. Tambaya biyu ke gaban mai bincike: yaya zai raba su, kuma yaya zai gane kowanne? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana na'urori biyu da aka haɗa domin wannan aiki.

Rarrabewa da Lantarki

Idan aka kunna lantarki cikin ruwa, ƙwayoyin sinadari masu caji sukan yi tafiya, ƙarama mai caji da yawa ta riga babba. Da wannan dabara Arne Tiselius na ƙasar Suwidin ya raba furotin ɗin jini a 1937. A 1981 Jorgenson da Lukacs a Amurka suka yi aikin cikin bututun gilashi mai faɗin rami mikiromita 75, wato kusan kaurin gashin kai. A 1992 kuma Manz da Harrison da abokan aikinsu suka tsaga irin waɗannan hanyoyi a jikin ɗan allon gilashi, har aikin mintuna ya koma na daƙiƙoƙi. Sai dai rarrabewa tamkar shiƙa ce: takan ware tsaba daga ƙaiƙayi, amma ba ta faɗin sunan hatsin.

Awon Nauyi

Gane sunan aikin na'ura ta biyu ne, wadda Francis Aston ya ƙera irinta a Ingila a 1919. Tana auna nauyin ƙwaya gwargwadon cajinta, daga nan a gane ko wane sinadari ne. Cikas ɗinta shi ne a inda aka zuƙe iska take aiki, ba ta karɓar ruwa. John Fenn ya warware wannan da feshin lantarki: ana sa wa ruwan dubban bolt, ya fita kamar hazo, ya bushe, ƙwayoyin su shiga ma'auni. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 2002.

Mahaɗa

A 1997 ne aka fara fesa ruwa daga ɗan allon zuwa ma'auni, kuma a nan wuyar take. Na farko, ruwan yakan taru ya zama ɗigo a gefen allo, abin da aka raba ya sake cakuɗewa. Saboda haka aka koma yi wa allon tsini. Na biyu, gishirin fosfat ba ya bin iska, yakan toshe ƙofar ma'auni, don haka ake amfani da asid mai saurin ƙafewa.

Kammalawa

Mun ga cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: wannan ta raba, waccan ta gane. A yau masu haɗa magunguna suna amfani da wannan haɗi wajen tantance magungunan furotin. Amma in mahaɗa ta ɓaci, sakamakon da za a samu ba abin dogaro ba ne, ko da kuwa kowace na'ura lafiyarta ƙalau.