Fitilar Renon Iri: Yadda Ɗalibai Za Su Haɗa Ta da Ƙwayoyin LED

Sanin kowa ne cewa manomin rani yakan fara aikinsa tun damina ba ta ɗauke ba. A Damaga da sauran garuruwan Maradun da Bakura da Talata Mafara, inda jama'a da dama ke cin moriyar madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978, wanda ya riga yin dashe shi ke riga kai tumatir kasuwa, kafin kaya su yi yawa farashi ya karye. Matsalar ita ce irin da aka zuba a komi cikin watan Agusta ko farkon Satumba yakan sha dukan ruwan sama, danshi ya yi masa yawa har ya ruɓe daga tushe, abin da ya rage kuma kaji da awaki su ƙarasa shi. In an shigar da shi ɗaki ya tsira daga waɗannan, amma sai ya yi tsawo siriri, ya ɗashe, ya karkata wajen taga, daga bisani ya kwanta. Haske ne ya rasa.

Tsiro ba ya samun abincinsa daga ƙasa kaɗai. Ganye ne ke haɗa ruwa da iskar kabon dayokzaid ya yi sukari, kuma haske shi ne makamashin wannan aiki. Sai dai hasken rana da ake gani fari gamayyar launuka ne, kamar yadda bakan gizo ke nunawa, kuma ba dukansu ganye ke sha daidai wa daida ba. A 1882 wani masani Bajamushe mai suna Engelmann ya rarraba haske launi-launi, ya haska shi a kan zaren gansakuka, sannan ya zuba wasu ƙwayoyin halitta masu bin iskar oksijin. Sai ya ga sun yi cincirindo a wurin jan haske da shuɗi, wato a nan ne aikin haɗa abinci ya fi ƙarfi. Sinadarin kulorofil da ke cikin ganye ya fi shan waɗannan launuka biyu, yana kuma mayar da wani kaso na kore, shi ya sa ido ke ganin ganye kore. Jan haske yana ciyar da tsiro sosai, amma in babu shuɗi tare da shi sai kara ya yi ta miƙewa ba ƙwari.

To, a nan ne amfanin ƙwayar LED ya fito, domin ita launi guda take bayarwa, kuma ba ta yin zafi irin na tsohon ƙwan lantarki da zai ƙone ganye. Nick Holonyak ne ya ƙera mai jan haske a Amurka a 1962. Mai shuɗi kuwa ta gagari masana kusan shekara talatin, har sai da wasu Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka cim mata a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. A 2015 'yan sama-jannati sun ci latas da suka rena da irin wannan haske a tashar sararin samaniya.

Kayan da ake bukata duk ana samunsu wajen masu gyaran rediyo: jajayen ƙwayoyi da shuɗɗa, resisto, siririyar waya, dalmar liƙi, falankin kwali mai kauri, da batir mai bolt 12. Kowace ƙwaya tana da ƙafa biyu. Doguwar ita ke fuskantar kan batir mai alamar tarawa, in an juya ta ba za ta kama ba. Ana jera su ne kamar raƙuma a ayari, gajeriyar ƙafar wannan a liƙe da doguwar ta gaba.

Ga lissafin. Jar ƙwaya tana cin kimanin bolt 2, shuɗiya kimanin bolt 3. In aka jera ja uku da shuɗiya ɗaya sun cinye bolt 9, saura 3. Ƙaramar ƙwaya ba ta son wutar da ta wuce amfiya 0.02, don haka sai a raba 3 da 0.02, a sami 150. Wato kowane jeri yana bukatar resisto mai om 150. Ɗalibin da ya yi gaggawa ya tsallake resisto zai ga haske mai kyau na ɗan lokaci, sannan ƙwayoyin su mutu. Wanda bai sami masu launi ba yana iya ciro farare daga matacciyar fitilar caji, ya jera uku-uku da resisto iri ɗaya, domin farar ƙwaya asalinta shuɗiya ce da aka lulluɓe da wani sinadari, kuma tana rena iri ba laifi.

Jeri 20, wato ƙwaya 80, zai ja amfiya 0.4, kusan wat 5 ke nan. Wannan ya isa faranti mai faɗin santimita 20 a kowane gefe, in an rataye fitilar santimita 10 zuwa 15 bisa ganye, ana ɗaga ta yayin da irin ke girma. A shafe cikin akwatin da farin fenti don hasken da ya kauce ya dawo, a kuma huda ƙofofin iska. Ya kamata malami ya sa ɗalibai su yi wani kwatanci a nan: da tsakar rana, kowane murabba'in mita yana samun kimanin wat 1,000 daga rana, ke nan wannan ɗan faranti zai sami wat 40 kyauta in yana waje. Saboda haka duk mai tunanin noman gero ko shinkafa da fitila a ƙasar Zamfara ya ɓata kuɗinsa. Aikinta renon iri ne na 'yan makonni, da gwaje-gwajen aji.

Ana kunna ta awa 14 a kashe awa 10. Tumatir yana bukatar duhu. In aka bar masa haske dare da rana ganyensa yakan yi rawaya-rawaya. A awa 14 fitilar za ta zuƙe fiye da rabin cajin ƙaramin batirin babur, abin da ke saurin kashe shi, don haka batirin mota ko na sola ya fi, tare da faifan sola mai wat 30 da zai mayar masa da abin da ya rasa. Bayan mako huɗu ko biyar, kada a kwashi irin kai tsaye zuwa gona. A riƙa fitar da shi hantsi na awa ɗaya ko biyu, ana ƙarawa kullum har mako guda, in ba haka ba rana ta ƙone shi.

Akwai gargaɗi biyu. Kada a kuskura a haɗa wannan fitila da wutar gida mai bolt 230. Na biyu, dalmar liƙi da cikin batir duka suna ɗauke da gubar dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ta hanyar niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. A yi liƙi a wuri mai iska, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada kuma a fasa tsohon batir.

Ajin da ya haɗa fitilarsa zai iya shuka tumatir iri ɗaya a faranti uku rana ɗaya: na farko a ƙarƙashin ja zalla, na biyu ja da shuɗi, na uku a bakin taga. Duk bayan kwana uku a auna tsawon kara da ma'auni, a ƙirga ganye, a rubuta a littafi. Wajen kwana na goma sha biyu sai a kwatanta kaurin karan farantan uku.