Darasi Don Taron Ƙungiya: Hannu Da Kwanon Rufi

'Yan'uwa manoma, rani lokacin gini ne. Ƙungiyoyi da yawa suna rufe sitonsu da kwano kafin ruwa ya sauka. Amma bakin kwano yana da kaifi kamar wuƙa.

Bara, a wani ƙauye da na ke zagayawa, wani saurayi ya ɗauki kwano shi kaɗai. Iska ta fizge shi, ya tsaga masa tafin hannu. Aka zuba toka, aka ɗaure da tsumma. Bayan kwana 4 hannun ya kumbura, ya tara mugunya. Aka yi shuka da noman farko ba shi, sai da 'yan ƙungiya suka yi masa gayya.

Yadda za mu tsare hannu:

1. Mutum biyu su ɗauki kwano, kada kuma a ɗora shi ranar iska mai ƙarfi.
2. Ƙungiya ta sayi safar hannu ta fata don masu rufi da masu jan waya mai ƙaya. Amma a cire ta kusa da injin niƙa, gama bel yana iya kama ta ya ja hannun.
3. A tattara ƙusoshi da guntayen kwano kafin a tashi aiki.

In an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10, hannun yana sama. Sa'an nan a wanke da sabulu da ruwa mai tsabta. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai. In yankan ya yi zurfi, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, a je asibiti ran nan, gama mai yiwuwa an tsinke jijiya.

Akwai kuma ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanus. Ba tsatsa ce ke kawo shi ba. Ƙwayoyinsa suna cikin ƙasa da taki, ƙarfe ne ke buɗe musu hanya. Yakan bayyana cikin kwana 3 zuwa 21, yana kuma kisa. Allurar rigakafinsa akan sabunta ta kowace shekara 10. In raunin ya yi datti, allurar ƙarshe kuma ta wuce shekara 5, a karɓi wata.

Tambayoyi:

1. Wa zai riƙe sabulu da tsumma mai tsabta ranar aikin gayya?
2. Mutum nawa a cikinmu suka san shekarar da aka yi musu allura?