GUBAR DALMA DA HUKUNCIN ZUBAR DA ABIN DA KE CUTAR DA JAMA'A

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ajiye arziki a cikinta, ya ɗora wa ɗan Adam amanar kula da ita. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi wata baƙuwar cuta wadda kakanninmu ba su saba da ita ba, watau cutar da ake samu daga gubar dalma, da kuma abin da Shari'a ta wajabta game da sharar da ke ɗauke da guba. Magana ce ta likitoci, amma kuma magana ce ta malamai, domin duk inda rai ya salwanta ta hanyar aikin hannun mutane, to, lalle akwai hukuncin Allah a wurin.

Abin da ya auku a Zamfara

A farkon shekarar 1431 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 2010, mutanen wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara suka ga agwaginsu suna mutuwa, ba a san dalili ba. Ba a jima ba sai abin ya koma kan yara ƙanana. Yaro ya yi ta amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga ta kama shi, ya suma, cikin 'yan kwanaki a kai shi makwancinsa. Waɗansu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, waɗansu suka ce sanƙarau ne, amma aka ba da maganin waɗannan cututtuka bai yi amfani ba. A watan Maris na wannan shekara ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara, aka ɗebi jini aka auna, sai aka tarar dalma ce ta yi yawa a cikinsa fiye da kima.

Asalin abin kuwa shi ne, da farashin zinariya ya tashi a duniya, sai jama'a suka dukufa ga haƙo ta. Dutsen da ake haƙowa a wannan yanki yana haɗe da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, a farfasa, a daka a turmi, ko a niƙa a injin niƙa, a shanya a tsakar gida inda ake shanya hatsi. Ƙurar ta bi ɗakuna da tabarmi da ƙoren abinci da bakin rijiya. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, binciken da aka yi ya nuna kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda. Jimlar yaran da suka rasu a jihar ba ta kasa 400 ba, dubbai kuma suka kamu. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Yadda dalma take ɓarna a jiki

Dalma ba ta da wani amfani a jikin mutum ko kaɗan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ƙaramin mizani nata da za a ce ba ya cutarwa. Tana shiga ta baki ko ta numfashi, ta bi jini zuwa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, daga bisani ta kwanta a ƙashi da haƙora shekara da shekaru. Mace mai ciki tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta. Dalilin da ya sa yara suka fi shan wuya shi ne suna rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki, hanjinsu kuma yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar na abin da hanjin babba ke tsotsewa. Wanda ya tsira da ransa yana iya tashi da makanta, ko shanyewar gaɓoɓi, ko raunin fahimta wanda ba ya warkewa. Akwai kuma wanda ba a ganin alamar kome gare shi, sai an sa shi makaranta a ga karatu ya ƙi zama.

Abin da Shari'a ta zo ta kiyaye

Malaman usulu sun yi bayani cewa Shari'a ta zo ne domin kiyaye abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. To, mu duba da kyau. Dalma tana kashe rai, tana lalata hankali, tana taɓa zuriya tun tana ciki. Uku ke nan daga cikin biyar. Abin da ake nema a madadinsu kuwa shi ne dukiya, wadda malamai suka sanya ta a bayan rai wajen daraja. Neman halal abin yabo ne, haƙar ma'adini kuma sana'a ce da littattafan fiƙihu suka sani, har suka yi babin zakkarsa. Amma ƙa'ida tabbatacciya ita ce, tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani. Idan riba ba za ta samu ba sai an jefa yara cikin halaka, to, tilas a sake hanyar neman ribar.

Allah Maɗaukakin Sarki ya hana mu jefa kawunanmu cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara, kuma a aya ta 41 ta Suratur Rum ya danganta bayyanar ɓarna a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cutarwa da ramuwar cutarwa, wanda malamai suka mai da shi ɗaya daga cikin ginshiƙan fiƙihu. Har ila yau, ya tabbata cewa Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya hana biyan bukata a kan hanyar mutane da inuwar da suke hutawa, ya hana bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Idan an yi irin wannan gargaɗi a kan ƙazantar da rana ke busarwa ruwan sama ya wanke, ina ga gubar da ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, tafasa ruwa ba ya fitar da ita, tana nan a ƙasa har jikoki?

Tsarki daban, lafiya daban

Akwai wani ruɗu da ya kamata ɗalibai su lura da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, ƙurar dutse ba najasa ba ce, kuma ruwan da ya canja saboda ƙasar da yake kwance a kanta bai fita daga tsarkinsa ba. Saboda haka mutum yana iya cewa, tun da wannan ƙura ba ta ɓata salla, ai babu laifi ta zauna a gida. Wannan kuskure ne. Babin tsarki yana magana ne a kan abin da ibada ke inganta da shi, babin cuta kuwa yana magana a kan abin da ke halaka jiki. Guba tana iya zama mai tsarki, amma cinta haramun ne, ciyar da ita ga wani kuma ya fi muni. Ruwan kududdufin da aka wanke dutsen zinariya a ciki, ko da launinsa bai canja ba, bai halatta a bar yara da dabbobi su sha shi ba bayan an san abin da ke cikinsa.

Ƙaddara da ɗaukar mataki

Mun yi imani cewa babu ran da zai mutu sai ajalinsa ya yi, kuma iyayen da suka rasa 'ya'yansu tun ba su san musabbabin ba, babu zargi a kansu, Allah ya ba su ladan haƙuri. Amma bayan sani ya zo, hukunci ya canja. Lokacin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya nufi Sham, ya ji labarin annoba ta ɓarke can, sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa ɗaya busasshe, duk wanda ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa. To, fitar da injin niƙan dutse daga cikin gari, da kai yaro a auna jininsa, su ma ƙaddarar Allah ne, kuma su ne gefen kwarin mai ciyawa.

Yadda ake kawar da gubar

Likitoci suna da magani da ake ba yaro ya sha, wanda ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Ana fara ba da shi idan awo ya kai maikirogiram 45 a kowane desilita na jini. Sai dai maganin ba ya amfani idan yaro zai koma ya ci gaba da rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Don haka a Zamfara sai da aka fara da tsabtace gidaje. Aka kankare saman ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, aka kwashe ta zuwa ramuka na musamman nesa da gari aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa wadda aka auna aka tabbatar da lafiyarta aka shimfiɗa. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, bai samu wannan aiki ba sai a 2013, yara kuma suna jiran magani duk tsawon wannan lokaci. Jinkiri a irin wannan al'amari shi kansa cutarwa ne.

Nauyin da ke kan hukuma

Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba. Wanda aka ba ikon abu kuwa, shi za a tambaya game da ɓarnarsa. Fuƙaha'u sun kuma ce wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, wani ya fāɗa ciki, to, akwai lamuni a kansa, ko da ba shi ya tura shi ba. Wannan ƙa'ida ta shafi duk mai zubar da guba inda za ta isa ga mutane, mutum ɗaya ne ko kamfani ko ƙasa.

Nijeriya ta taɓa ganin misalin haka. A 1988 aka gano fiye da tan 3,000 na sharar masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya cikin ganguna, aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, wanda yake cikin Jihar Delta a yau. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta matsa har aka kwashe sharar aka mayar, ta kuma kafa Doka ta 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara. A 1989 aka ƙulla Yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla ta Bamako wadda ta hana shigo da ita nahiyar. Waɗannan dokoki sun dace da manufar Shari'a, yi musu biyayya kuma yana cikin biyayya ga shugabanni a kan alheri.

Abin da ke kan kowane magidanci

Na farko, kada a shigo da dutsen ma'adini cikin gida, kada a daka shi a turmin abinci, kada a niƙa shi a injin hatsi. Mai aikin haƙa ya yi wanka ya canja tufafi a wurin aiki kafin ya dawo ya ɗauki ɗansa. Yara da mata masu ciki kada su kusanci wurin. Haka nan masu ƙona zaiba domin tace zinariya su sani hayaƙinta guba ne mai taɓa ƙwaƙwalwa.

Na biyu, masu fasa tsohon batirin mota su narka dalmarsa su nisanci unguwannin jama'a. A wata unguwa ta bayan birnin Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 ta dalilin wannan sana'a.

Na uku, batun kwalli. Sanya kwalli yana da asali a Sunna, ba mai musun wannan. Amma awon da masana suka yi ya nuna da yawa daga cikin dutsen kwallin da ake sayarwa a kasuwanni dalma ce mafi yawansa. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Abin da yake mustahabbi ba a yinsa da abin da ke cutarwa, saboda haka a nisantar da jarirai daga kwallin da ba a tabbatar da lafiyarsa ba.

Na huɗu, idan aka ga yara suna jijjiga a unguwa ɗaya, ko kaji da agwagi suna mutuwa babu dalili, a gaggauta sanar da asibiti da mai unguwa. Addu'a da ruƙiya suna da matsayinsu, neman magani kuma umurni ne na Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam. Ɓoye labari don tsoron kada a hana sana'a cin amanar maƙwabci ne.

Muna kira ga limamai da malaman zaure, musamman na yankunan da ake haƙar ma'adinai, su sanya wannan magana cikin huɗubobinsu da karatunsu, domin sau da yawa abin da ma'aikacin lafiya ya faɗa ba a ji ba, idan liman ya faɗa a kan mumbari sai a karɓa.

Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya sanya su masu ceton iyayensu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya azurta mu da halal wadda ba ta cutar da kowa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.