Kundin Tsarin Mulki: Dabaibayi ga Mai Mulki, Garkuwa ga Talaka

Da yawa daga cikin ɗalibai sun ɗauka cewa kundin tsarin mulki littafi ne na dokokin da gwamnati ta shimfiɗa wa talakawa. Wanda ya zauna ya karanta shi zai tarar da akasin haka, domin yawancin sassansa mai mulki suke ja wa layi: ga abin da zai yi, ga inda ikonsa ya ƙare. Wannan shi ne abin da masana ke kira gwamnati mai iyaka.

Mutumin Bauchi ba baƙo ba ne ga wannan magana. A nan garin ne, cikin shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa zaman muhawara a kan yadda ake tafiyar da mulkin En'e. A 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Jihar Arewa a Kaduna yana neman a yi wa En'e garambawul, abin da ya share hanya aka daina barin sarki shi kaɗai da wuƙa da nama, sai tare da majalisarsa.

Shigar haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulkinmu kuwa tsoro ne ya kawo ta. Gab da samun mulkin kai, ƙananan ƙabilu sun ji tsoron danniyar manya, sai Turawa suka naɗa kwamitin Willink a 1957. A rahotonsa na 1958 kwamitin bai goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, ya dai ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin kowane mutum cikin tsarin mulki. Haka aka yi, aka ɗebo yawancinsu daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen Turai ta 1950. Sun shiga tsarin mulkin 1960, suka bi ta na 1963 da na 1979, har zuwa na 1999, inda suke a Babi na Huɗu, sashe na 33 zuwa na 46.

Dabaibayin farko yana sashe na 1: duk dokar da ta saɓa wa kundin ta ɓaci gwargwadon saɓanin. Sassa na 4 da 5 da 6 kuma sun raba iko gida uku: majalisa ta yi doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu ta yanke hukunci.

Ko wannan ya taɓa yin aiki? Ya taɓa. A 1980 gwamnatin tarayya ta kwashi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ta kai shi Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce an tauye masa haƙƙi, domin tsarin mulki ya hana korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa, ta kuma sa a biya shi diyya. Ka kwatanta wannan da zamanin soja, wanda aikinsa na farko shi ne jingine sassan tsarin mulki. Doka mai lamba 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu tsoma baki.

Inda abin ya fi shafar ɗalibin harshe shi ne sashe na 35 da na 36. Wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Wajibi ne cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, kuma cikin harshen da yake ji. Idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, sai fa wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. A kotun kuma, idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, a ba shi tafinta kyauta. A jiha irin Bauchi, inda ake da Jarawa da Sayawa da Fulani da Warjawa da Gerawa, wannan ba ƙaramin haƙƙi ba ne. Tafinta ɗaya da ya kasa bambance "na ga an yi" da "na ji an yi" yana iya mayar da jita-jita shaida, mutum ya tafi gidan yari.

Sai dai kada a ɗauka garkuwar ba ta da ɓula. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi, irin su faɗar albarkacin baki da taro, saboda tsaro ko zaman lafiya, kuma ta wannan ƙofar masu mulki suka fi son bi. Alkawuran Babi na Biyu kuwa, irin su ilimi kyauta da kula da lafiya, sashe na 6 ya ɗaure hannun kotu a kansu. A ganina wannan ne babban raunin kundin.

Aikin gida: a samo sashe na 35, a fassara shi zuwa Hausar da mai sayar da tumatir a kasuwar Muda Lawal zai gane da ji ɗaya. A lura da inda ya kamata a ce "haƙƙi" da inda "'yanci" ya fi dacewa, a kuma kawo dalili.