Mutumin zanena ya fi rumbu tsayi

Tambaya: Ina haɗa ɗan fim na katun a Blender kan noman gero. Na gina rumbu da amalanken shanu, amma manomin da na shigo da shi daga Maya ya zama ƙato, rumbun ko idon sawunsa bai kai ba. Ina gyaran? Daga wani matashi a Tasawa.

Amsa: Ƙanena, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, ma'auni ne ya saɓa. Maya da santimita take awo, Blender kuwa da mita. Idan fayil ɗin OBJ ne, lambobi kawai yake ɗauke da su ba tare da sunan ma'auni ba, sai manomi mai santimita 170 ya iso a matsayin mita 170. Kamar ka ce buhu ne inda aka ce tiya.

Kada ka ja shi da hannu kana kintace. Goge shi, ka sake shigo da shi, a akwatin Scale ka rubuta 0.01. Sannan danna N ka duba tsayinsa. Ya kamata ka ga kusan mita 1.7. Ka auna rumbun ma, watakila shi ne ya yi ƙanƙanta.

Idan girman ya daidaita, danna Ctrl+A ka zaɓi Scale, lambobin su koma 1. Amma ka yi haka kafin ka sa masa ƙasusuwa da motsi. In ka bari sai bayan ya fara tafiya, takunsa zai rikice, ka ga ƙafa na zamewa. Nan gaba ka riƙa fitarwa da FBX, shi yana tafe da ma'auninsa.