Cutar Farin Ɗigo a Tankin Kifin Ado

Farin ɗigo na cikin cututtukan da suka fi halaka kifayen ado a tankunan gilashi na gida. Wata ƙwayar halitta mai suna Ichthyophthirius multifiliis ce ke jawo ta, kuma tun 1876 masana suka bayyana ta. Ana gane ta da ƙananan ɗigo farare a jikin kifi da fikafikansa, kamar an barbaɗa masa gishiri. Kafin ɗigon ya fito, kifin kan riƙa goga jikinsa da tsakuwa, ya daina cin abinci, ya yi ta haki kusa da saman ruwa.

Ɗigon da ido ke gani ƙwayar ce da ta shige ƙarƙashin fatar kifi, kuma a nan magani ba ya kai mata. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta rufe kanta da ɓawo, ta rarrabu zuwa ɗaruruwa. Waɗannan ƙanana su ne ke fitowa suna iyo suna neman kifi, kuma in ba su samu ba cikin kamar kwana 2 sai su mutu. A wannan ɗan tsakanin kaɗai magani ke kashe su. Shi ya sa babban kuskure ne dakatar da magani da zarar ɗigon ya ɓace, alhali a lokacin ne ƙwayar ke hayayyafa a ƙasa. Tankin duka ake yi wa magani, a kuma ci gaba na wasu kwanaki bayan ɗigo na ƙarshe.

Ɗumin ruwa na hanzarta wannan zagaye: a digiri 25 yana cika cikin kamar mako guda, a ruwa mai sanyi kuwa yakan ɗauki makonni. Don haka ake ɗaga ɗumin a hankali zuwa digiri 28 ko 30 ga kifayen da ke jurewa, a ƙara iska, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Magungunan da aka saba su ne haɗin fomalin da koren malakait, ko gishiri zalla, giram 1 zuwa 3 a kowace lita. Dole a cire gawayin da ke cikin matatar ruwa, in ba haka ba zai tsotse maganin. Kifaye marasa ɓawo, irin dangin tarwaɗa, rabin awo ake ba su, maganin da ke da jan ƙarfe kuma yana kashe dodon koɗi da jatan lande. Zuƙe dattin tsakuwa da sauya wani kaso na ruwan suna rage ƙwayoyin.

Galibi sabon kifi ne ke shigo da cutar, ko tsiro, ko raga mai jiƙa daga wani tanki. Sanyin dare na hunturu kuma yana raunana kifi har ta samu kafa. Keɓe sabon kifi a tanki dabam na mako 2 zuwa 4 ya fi kowane magani arha.